Muhawara: Kishin ƙasa ne ko son suna ya sa Burutus ya soki Kaisar?

Malamin Adabi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kamar yadda muka yi alkawari, wannan makon za mu tattauna wasan kwaikwayon Yuliyas Kaisar na Shekisfiya, wanda aka fara nunawa a Landan a 1599. Na daɗe ina koyar da shi, kuma kullum abin da nake gaya wa ɗalibai shi ne Burutus mutumin kirki ne wanda miyagu suka ruɗa. A 'yan kwanakin nan na sake karanta wurin da Burutus yake zaune shi kaɗai a lambunsa cikin dare yana shawara da zuciyarsa, sai hankalina ya ƙi kwanciya da abin da na saba faɗa. Maganarsa ta farko ita ce lalle sai Kaisar ya mutu, daga baya ne ya shiga laluben dalili. Da bakinsa ya ce ba shi da wata ƙullalliya da mutumin, kuma bai taɓa ganin ranar da son zuciyar Kaisar ya rinjayi hankalinsa ba. Duk da haka ya kamanta shi da ƙwan maciji, ya ce gara a fasa shi tun bai ƙyanƙyashe ba. Ashe ke nan an yanke hukunci tun ba a aikata laifin ba. Tambayata ita ce, me ya ɗaga hannun Burutus a ranar nan: kishin Rum, ko zugar Kasiyas, jagoran masu makircin kisan, ko kuwa wani buri nasa na kansa da shi ma bai yarda yana da shi ba?

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, ina ganin ka matsa wa Burutus da yawa, domin ƙwan nan da kake magana a kai ya riga ya tsage. A shekara ta 49 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam Kaisar ya ƙetare kogin Rubikon da rundunarsa ya shigo Italiya, abin da doka ta hana kowane kwamanda, ya jefa ƙasar cikin yaƙin basasa. A farkon shekara ta 44 aka naɗa shi mai cikakken iko har iyakar ransa, alhali a da muƙamin na wata 6 ne kawai idan ƙasa ta shiga halin ƙaƙa-nika-yi. Aka buga hotonsa a jikin kuɗi yana raye, abin da Rumawa ba su saba gani ba. A bikin Lufakaliya, ranar 15 ga Fabrairu, Antoni, na hannun daman Kaisar, ya miƙa masa kambin sarauta a bainar jama'a. A cikin wasan ma an gaya mana cewa wakilan talakawa 2, Falabiyas da Marulas, an rufe musu baki saboda sun cire adon da aka rataya wa gumakan Kaisar. Ga mutanen da suka kori sarkinsu na ƙarshe tun shekara ta 509, suka rantse ba za su sake yin sarki ba, wace alama kuma ake jira? Wace kotu za a kai shi, tunda shi ne ke naɗa masu shari'a? Wane zaɓe zai sauke shi? Ni ban ce kisa daidai ne ba, amma wanda zai zargi Burutus ya kamata ya nuna mana ƙofar da ta rage a buɗe.

Maman Khalifa:
Baban Ummi, duk abin da ka lissafa na ji, amma akwai abin da ka tsallake, kuma a wurina shi ne tushen maganar. A yaƙin Farsalus na shekara ta 48 Burutus yana ɓangaren Fomfe, abokin hamayyar Kaisar, wato ya ɗauki makami ya yaƙi Kaisar. Da aka ci su, Kaisar ya yafe masa, ya jawo shi jiki, ya ba shi mulkin lardin Gal na arewacin Italiya, daga baya ya ba shi babban muƙamin shari'a na birnin Rum. Kasiyas ma haka aka yafe masa. Mutumin da ransa ke hannunka ka sake shi, ka ɗora shi a kujera, sannan ya zo ya soke ka, da Hausa sunan wannan abu butulci ne, ko da wace riga aka sa masa.

Kuma ku dubi yadda aka yi kisan. Desiyas, ɗaya daga cikin masu makircin, ya je har gida da sassafe, ya tarar Kaisar ya riga ya yarda zai zauna saboda mafarkin matarsa Kalfurniya, ya juya fassarar mafarkin ya mai da shi albishir, ya fito da shi. Kaisar ya ce wa masu makircin su shigo su ɗan sha wani abu tare kamar abokai kafin a tafi. A majalisa wani daga cikinsu, Simba, ya durƙusa yana roƙon a dawo da ɗan'uwansa daga gudun hijira, Burutus ya matso ya sumbaci hannun Kaisar, duk domin a kewaye shi. Idan da gaske kishin ƙasa ne, me ya hana Burutus ya mayar da muƙamin da aka ba shi, ya tsaya a majalisa ya faɗi gaskiya ido da ido? Surukinsa Kato ya ƙi karɓar afuwar Kaisar har ya mutu a Utika a shekara ta 46. Ban yaba yadda ya mutu ba, amma dai bai ci gishirin mutum ba sannan ya ci amanarsa.

Ɗan Zazzau:
Hajiya ta yi magana mai nauyi. Ni zan ɗan karkata zuwa Kasiyas, domin shi ne ya haƙa ramin. Idan kuka lura da zancensa na farko da Burutus, ba za ku ji ya ambaci wata doka da Kaisar ya karya ba. Labarin da ya kawo shi ne wata rana sun yi gasar iyo a kogin Taiba, Kaisar ya gaji har ya yi kururuwar a cece shi, shi Kasiyas ya ɗauko shi a kafaɗa. Sai kuma zazzaɓin da ya kama shi a Sifen yana rawar ɗari yana neman ruwa kamar yarinya marar lafiya. Abin da ke cinsa shi ne, yaya wanda na fi ƙarfi zai zama abin da zan rusuna wa? Wannan hassada ce tsagwaronta. Kuma ya san ba zai iya shi kaɗai ba, shi ya sa ya rubuta wasiƙu da rubutun hannu iri-iri kamar daga talakawa suka fito, ya sa aka jefa ta tagar Burutus, aka liƙa wata a jikin gunkin kakansa na can baya, Burutus ɗin da ya kori sarki Tarkin. Kaska, wani daga cikin masu makircin, shi ma ya faɗa a fili cewa abin da za a ga laifi ne idan su suka yi, idan fuskar Burutus na ciki sai ya koma abin yabo.

Amma abin da ke ɗaure mini kai shi ne, a kowace shawara ta aiki Kasiyas ne ke kan daidai. Ya ce a haɗa da Antoni a kashe, Burutus ya ƙi. Ya ce kada a bar Antoni ya yi jawabi a jana'iza, Burutus ya ƙi. Ya ce a zauna a bar abokan gaba su sha wahalar tafiya, Burutus ya dage sai an je an tare su a Filibi, inda aka ci su Burutus da yaƙi. Sun kashe maciji ba su sare kansa ba, kuma duk sau ukun dalilin Burutus ya fi daɗin ji a kunne, na Kasiyas kuwa shi ne ya tabbata.

Tsohon Hedimasta:
Ɗana na Zazzau, ka kawo mu kusa da inda nake so mu je. Bango ne ya tsage ƙadangare ya sami wurin shiga, saboda haka a bar ƙadangaren a dubi tsagewar. Kalmar "honour" da ake ta maimaitawa a wasan nan, wadda muke fassarawa da mutunci, na daɗe ina tunanin ba ta zauna daidai ba. Mutunci a wurinmu abu ne da kake kare wa kanka ta hanyar kare wa wasu nasu. Mai mutunci ba ya tozarta wanda ya amince da shi. Abin da Burutus ke nufi ya fi kusa da suna, wato yadda za a ambace ka a dandali da kuma bayan ranka. Ku koma ku duba, abin da ya ce wa Kasiyas shi ne yana son sunan daraja fiye da yadda yake tsoron mutuwa. Sunan ya ambata. Kasiyas ya ji wannan, nan take ya shiga auna sunayen biyu, Burutus da Kaisar, yana cewa a rubuta su tare, a furta su tare, wanne ya fi wani nauyi.

Shi ya sa Burutus ya hana masu makircin yin rantsuwa, domin Barume na gaske ba ya bukatarta. Shi ya sa ya hana a jawo Sisero, babban ɗan majalisa, wai domin Sisero ba zai bi abin da wani ya fara ba, alhali kuwa shigowar dattijo mai baki kamar Sisero za ta rage wa Burutus haske. Shi ya sa ya ce su zama masu yanka hadaya, kada su zama mahauta, kamar dai canza sunan aikin zai canza abin da wuƙa ke yi a jikin mutum.

Shekaru da dama da suka wuce mun shirya wannan wasa da 'yan aji biyar a makarantar da nake shugabanta. Zannuwan gado muka yi rigunan Rumawa da su, wuƙaƙen katako ne, jinin kuma zoɓo ne mai kauri da aka zuba a ƙwarya aka ɓoye bayan wanda ya fito a Kaisar. Da aka zo inda Burutus ke cewa su sunkuya su wanke hannuwansu da jinin Kaisar har gwiwar hannu, su fita kasuwa suna shelar zaman lafiya da 'yanci, yaron da ya fito a Burutus ya tsoma hannunsa ya ɗaga, jan ruwan yana gangarowa yana ɗiga a farin zanen. Zauren da ya cika da hayaniya ya yi tsit, wata malama ta kau da kai. Bayan an tashi yaron ya same ni ya ce, Malam, duk kwanakin da muke gwaji ina jin ni ne mai gaskiya, amma da na ga hannuna sai na kasa gaskata kalmomin da nake faɗa. Tun daga ranar ban sake karanta wurin nan yadda nake karanta shi a da ba.

Baban Ummi:
Baba, na gode da wannan labari, kuma na yarda cewa akwai son suna a cikin Burutus. Amma wane shugaba ne ba shi da shi? Shi Kaisar ɗin fa? Daƙiƙu kaɗan kafin a soke shi yana kamanta kansa da tauraron arewa wanda ba ya gusawa, yana cewa duk cikin mutane shi kaɗai ne ba a iya girgizawa, alhali da safiyar nan sau biyu aka juya shi, matarsa ta juya shi, Desiyas ya sake juya shi da albishirin cewa majalisa za ta ba shi kambi a ranar. Jin maganar kambi ne ya sa ya ce a kawo masa rigarsa. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa zargin burin sarauta ba ƙage ba ne. Idan za mu auna son suna, to mu ɗora kowa a sikeli ɗaya.

Ɗalibar Tarihi:
Iyayena da yayyena, ku ba ni dama in kawo abin da ke wajen wasan, domin Shekisfiya ya ɗauko labarin ne daga littafin Fulutak, marubucin Girka, wanda Tomas Nos ya fassara zuwa Ingilishi a 1579, kuma Fulutak yana ƙaunar Burutus. Wasiƙun Sisero sun nuna wata fuskar. Lokacin da Sisero ke gwamnan lardin Kilikiya, wajen shekara ta 51 zuwa 50, ya gano cewa bashin da ake bin birnin Salamis na tsibirin Kubrus da ruwa kashi 48 cikin 100 a shekara kuɗin Burutus ne, ya ɓoye a bayan wasu wakilai, alhali iyakar da Sisero ya sa a lardin kashi 12 ce. Wakilin nasa ya taɓa tsare 'yan majalisar birnin da mahaya a cikin zaurensu har 5 daga cikinsu suka mutu da yunwa. Sannan bayan kisan, a shekara ta 42, an buga kuɗi da wuƙaƙe 2 da hular 'yantaccen bawa da ranar kisan, 15 ga Maris, a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma hoton Burutus ne da kansa, yana raye, wato abin da aka zargi Kaisar da shi.

Ko a cikin wasan akwai ɗan ƙyallin wannan. A rigimarsu ta Sardisu, Burutus ya zargi Kasiyas da ƙaiƙayin tafin hannu da sayar da muƙamai, ya ce shi ba zai iya tatsar talakawa ta mugun hanya ba, amma a cikin numfashi guda yana fushi don Kasiyas bai aiko masa da zinariyar da zai biya sojojinsa ba. Yana son kuɗin, amma wani ne zai ɓata hannu wajen tara su. Wannan ya yi daidai da abin da Baba Hedimasta ya faɗa.

Lauya Mai Zaman Kansa:
Ƙanwata ta kawo hujja mai ƙarfi, sai dai ina so mu raba Burutus na tarihi da na wasa, domin shari'ar ɗaya ba ta hau ɗaya ba. Ni abin da ya fi damuna shi ne ƙa'idar da Malam ya fara da ita. Idan aka yarda cewa za a iya kashe mutum saboda abin da ake tsoron zai zama, to babu wanda ya tsira, domin mai wuƙa ne ke zama mai ƙara da shaida da alƙali a lokaci guda. Kuma wannan ƙa'ida ba ta tsaya a dandalin wasa ba. Jon Wilkis Buz, wanda ya harbe shugaban Amurka Linkon a Afrilun 1865, ɗan wasan kwaikwayo ne, sunan mahaifinsa Juniyas Burutus, kuma watanni kaɗan kafin nan ya fito a wannan wasa tare da 'yan'uwansa 2 a Niyok. Yana cikin gudun ɓuya ya rubuta kukan cewa ana farautarsa saboda abin da aka girmama Burutus a kansa. Mu ma a wannan yanki mun sha jin jawabin asuba a rediyo bayan an zubar da jini, kuma ba a taɓa samun wanda ya ce don kansa ya yi ba.

Malamin Adabi:
Barista, maganarka ta ƙarshe gaskiya ce, amma ina roƙo mu tsaya a Rum, domin idan muka buɗe wancan babi ba za mu dawo ba. Ina so in ƙara abu guda a kan jawaban jana'iza. Burutus ya yi magana a taƙaice, ya ce ba ƙaunar Kaisar ce ta yi masa kaɗan ba, ƙaunar Rum ce ta fi yawa, kuma ya kashe shi ne saboda burinsa, amma bai kawo misali ko ɗaya na burin ba. Ya ce a gaskata shi saboda darajarsa. Jama'a suka yi sowa, wani ya ce a gina masa gunki, wani ya ɗaga murya ya ce a naɗa shi ya zama Kaisar. A ganina wannan ce jimla mafi ciwo a wasan, domin mutanen da ya ce ya 'yanta ba su ma fahimci daga me aka 'yanta su ba. Sannan ya tafi gida ya bar wa Antoni dandalin. Antoni ya zo da abin da ido ke gani: alkyabbar da wuƙaƙe suka huda, yana nuna inda ta kowa ta shiga, da gawar kanta, da wasiyyar da ta ba kowane ɗan birni kuɗi dirakma 75 da lambunan bakin Taiba. Yana ta maimaita cewa Burutus mai daraja ne har kalmar ta zama zagi a bakin jama'a.

Baban Ummi:
To ai Malam, wannan Antonin da ya yi kuka a kan gawa, fitowa ta gaba muka gan shi zaune da Oktabiyas, ɗan da Kaisar ya ɗauka, da kwamanda Lefidus suna ɗiga alama a kan sunayen waɗanda za a kashe, Lefidus ya ba da ɗan'uwansa, Antoni ya ba da ɗan 'yar'uwarsa, sannan ya aika a kawo wasiyyar domin a ga yadda za a rage abin da aka bar wa talakawa. Sisero da bai san da makircin ba, a watan Disamba na shekara ta 43 aka yanka shi. Su ne magadan Kaisar. Wanda ya ga abin da suka yi da iko zai gane cewa tsoron Burutus ba mafarki ba ne.

Maman Khalifa:
Baban Ummi, amma wa ya buɗe musu ƙofa? Kaisar yana yafe wa waɗanda ya ci da yaƙi. Waɗanda suka gaje shi sun ga yadda afuwar ta ƙare, da sara 23 a gindin gunkin Fomfe, sai suka ƙudura ba za su yafe wa kowa ba. Farkon wanda ya biya bashin ma ba shi da hannu a komai: Sinna mawaƙi, yana kan hanyarsa ta zuwa jana'iza, 'yan zanga-zanga suka tare shi, yana rantsuwa cewa shi ba Sinna mai makirci ba ne, suka ce a yayyaga shi ko don sunan. Jamhuriyar da aka ce za a ceto kuwa ba ta sake tashi ba, a shekara ta 27 Oktabiyas ya zama Agustas, sarkin daular Rum na farko.

Kuma har yanzu ba wanda ya ambaci Fosha, matar Burutus. Matar nan ta ga mijinta ba ya barci ba ya cin abinci, ta durƙusa tana roƙon ya gaya mata damuwarsa, har ta yanki cinyarta don ta nuna masa za ta iya riƙe sirri. Da abin ya lalace ya gudu ya bar ta a Rum, baƙin ciki ya sa ta haɗiyi garwashi. Da wani hafsa ya kawo wa Burutus labarin a gaban mutane, kalmomi kaɗan ya faɗa ya ce a koma maganar yaƙi, hafsan yana yaba masa cewa haka manya ke jure babban rashi. Ko a mutuwar matarsa yana lura da idon da ke kallonsa.

Ɗan Zazzau:
Hajiya, a nan zan ɗan tsaya masa. Kafin zuwan hafsan ya riga ya gaya wa Kasiyas su biyu kaɗai, kuma a can an ga cewa abin ya ci shi, har ya nemi a kawo abin sha ya ce kada a ƙara ambatonta. A daren ne kuma ya ga yaronsa Lusiyas barci ya kwashe shi yana kaɗa masa molo, ya lallaɓa ya zare kayan kiɗan daga hannunsa don kada ya faɗi ya karye. Mutum mai irin wannan tausayi ba dutse ba ne. Shi kansa Antoni a kan gawarsa ya shaida cewa sauran duk hassada ce ta sa su, shi kaɗai ne ya shiga don amfanin jama'a.

Tsohon Hedimasta:
Haka ne ɗana, kuma da mugu ne da ba mu kai wannan dare muna gardama a kansa ba. Amma yabon Antoni yabon wanda ya ci nasara ne a kan gawar da ba za ta sake tashi ba, ba shi da abin da zai rasa. Ni na fi ba da nauyi ga abin da Burutus ya faɗa da bakinsa a Filibi, bayan ya roƙi mutum 3 su taimaka masa ya mutu sun ƙi. Ya ce zuciyarsa na murna domin duk tsawon rayuwarsa bai taɓa samun wanda ya ci amanarsa ba, kuma zai sami ɗaukaka da wannan rana ta faɗuwa fiye da yadda Oktabiyas da Antoni za su samu da nasararsu. Bai ambaci Rum ba, bai ambaci 'yanci ba. Mutumin da Kaisar ya daina kare kansa da ya ga fuskarsa cikin masu sara, shi ne ke murnar ba a taɓa cin amanarsa ba, kuma bai san cewa wasiƙun da suka shigo ta tagarsa Kasiyas ne ya rubuta su ba. Sai da hadiminsa Sitirato ya riƙe masa takobi ya kau da fuska, sannan Burutus ya kira sunan Kaisar, ya ce masa ya kwanta haka nan, domin ranar da ya soke shi bai yi da rabin yardar zuciyar da yake soke kansa da ita yanzu ba. Baban Ummi, ina so in ji yadda kai ka fahimci wannan rabin da ya ambata.